Zartsin Ruwa A Danko: A Auna Ruwan Kafin A Sayi Na'ura

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Abin da ba su ce ba shi ne kowane tsami dalilinsa ɗaya, kuma a nan ne nake ganin da yawa daga cikinmu, wato 'yan bokon ƙasar Zuru da ke aiki a Abuja da Kaduna da Sakkwato da Birnin Kebbi, muke ɗibar kuɗinmu muna zubawa a rariya. Yanzu abin yayi ne ma'aikaci ya tattara ɗan abin da ya tara ya gina madaidaicin gida a Danko ko Ribah ko Maga, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ɗora tanki a sama, ya mayar da tsofaffinsa ko iyalinsa ciki. Ba a rufa wata uku sai ƙorafi ya fara zuwa ta waya: sabulu ba ya kumfa, wake ba ya nuna da wuri, butar shayi ta yi farin ɓawo, ruwan kuma da zartsi. Sai maigida ya nufi kantin masu sayar da kayan famfo, ko ya leƙa intanet, a nuna masa wata doguwar tukunya mai kama da ta iskar gas, a ce masa ga maganin matsalarsa nan. Ra'ayin da nake son in kare a wannan fili shi ne, duk wanda ya sayi wannan na'ura bai kai ruwan rijiyarsa an auna ba, to ya yi cinikin biri a sama. Kuma ga ƙaramin gida a ƙasar Danko, ita ce ya kamata ta zo ƙarshe cikin abubuwan da za a kashe wa kuɗi a kan sha'anin ruwa.

Fannina nazarin harshe ne, don haka ta wannan ƙofa zan shiga, musamman da yake a can ruɗanin ya samo asali. Bahaushe, da duk wanda Hausa ta zame masa harshen kasuwa kamar yadda take a ƙasar Zuru, yana kiran ruwan rijiyar da bai yi masa daɗi a baki ba ruwan zartsi. Kishiyarsa kuwa ruwan daɗi, ko ruwa mai garɗi. Kalma ce ta ɗanɗano, alƙalanta su ne harshe da maƙogwaro. To amma idan ka ɗebo ruwan rijiyoyi huɗu waɗanda tsohuwa ta yanke wa hukuncin zartsi dukkansu, ka miƙa wa masanin kimiyyar sinadarai, yana iya ce maka larura huɗu ce daban-daban. Wani gishiri ne tsantsa ya narke a cikinsa. Wani sinadarin ƙarfe ne, irin ruwan nan da ke fitowa garau daga famfo, amma idan ya kwana a bokiti ya wayi gari ja kamar an jiƙa tsatsa. Wani kanwa-kanwa yake yi. Na huɗun ne kaɗai, wato wanda sinadaran kalsiyam da magniziyam suka yi yawa a cikinsa saboda ya ratso ta cikin farar ƙasa da danginta, aka ƙera wannan na'ura dominsa.

Shi wannan na huɗun, Turawan Ingila suna ce masa ruwa mai tauri, Larabawa kuma suna ce masa "asir", wato mai wahala, dukkansu suna nuni ne ga wahalar da yake ba mai wanki. Da 'yan kasuwarmu suka zo fassara sai suka ce "na'urar tausasa ruwa", suka ga maganar ba ta zauna a kunnen Bahaushe ba, domin ruwa ba fata ba ne balle a jeme shi ya yi laushi. Sai suka koma kiranta na'urar tace ruwa, wasu su ce ta tsabtace ruwa, masu ƙarfin hali ma su ce ta tsarkake ruwa. Mai karatu ya lura, waɗannan aikatau uku kowanne da irin alkawarin da yake ɗauke da shi. Tacewa ita ce raba ruwa da laka da ɗiddiga, kamar yadda ake tace gasara. Tsabtacewa raba shi ne da ƙazanta da ƙwayoyin cuta. Tsarkakewa kuwa kalma ce mai nauyin addini, wadda da zarar mai saye ya ji ta sai hankalinsa ya kwanta gaba ɗaya. Na'urar da muke magana a kanta ba ta yin ko ɗaya daga cikin ukun nan. Da za a bi ta tawa, da "na'urar cire farar ƙasa" za a riƙa kiranta, shi kuma ruwan a ce masa "mai farar ƙasa". Sunan ba shi da armashi a wurin talla, amma dai ba ya yi wa kowa ƙarya, kuma da shi zan ci gaba da amfani.

Yadda take aiki ba wani siddabaru ba ne. Tukunyar cike take da wasu ƙananan ƙwayoyin roba masu kama da ƙwan kifi, kowace tana riƙe da sodiyam, wato babban sinadarin da ke cikin gishirin miya. Idan ruwa ya ratsa su sai su cafke kalsiyam da magniziyam, su saki sodiyam a madadinsu. Musaya ce kawai, ba ni gishiri in ba ka manda. Bayan 'yan kwanaki ƙwayoyin sukan ƙoshi, sai a wanke su da ruwan gishiri mai kauri daga wata tukunya ta biyu, a zubar da ruwan wankin waje, a sake sabon lale. Dabarar ta daɗe a duniya. Tun a shekarar 1841 wani malamin jami'a a Sukotland mai suna Thomas Clark ya fito da hanyar rage farar ƙasa a ruwan gari, a 1905 Bajamushe Robert Gans ya ƙera ƙwayoyin musaya domin wannan aiki, a 1935 kuma aka samo na roba a Ingila. Ba banza suka yi ta wannan fafutuka ba. Birni irin Landan, ruwan da yake sha daga ƙasar alli yake fitowa, gidajensa kuma cike suke da tukwanen ɗumama ɗaki da bututun ruwan zafi waɗanda farin ɓawo ke toshewa. Wato na'ura ce ta ceton bututu da hita da injin wanki. Lafiyar mai shan ruwan ba ta cikin aikinta.

Sai mu tambayi kanmu, shin ƙasarmu irin waccan ce? Jihar Kebbi ba shimfiɗa ɗaya ba ce a ƙarƙashin ƙasa. Arewacinta da yammacinta suna cikin kwarin Sakkwato, inda duwatsu suke kwance hawa-hawa, cikinsu har da farar ƙasar Kalambaina wadda ake haƙa ana yin siminti da ita a Sakkwato. Ba abin mamaki ba ne rijiyar da ta taɓa wannan shimfiɗa ta ba da ruwa mai farar ƙasa. Ƙasar Zuru kuwa, har da Danko da Wasagu, a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, irin wanda ruwa ba ya samun masauki a cikinsa sai a tsage-tsage da kuma ruɓaɓɓen saman dutsen. A irin wannan ƙasa, rijiyoyi biyu da tazararsu ba ta wuce jifa ba suna iya ba da ruwa iri biyu. Saboda haka maganar "ai wane ma ya saka a gidansa na Sakkwato" ba hujja ba ce, haka nan ma abin da maƙwabcinka na bayan katanga ya gani a tasa rijiyar.

Sannan ita kanta farar ƙasar, ko da ta tabbata akwai ta, ba guba ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yanka mata iyaka ta fuskar lafiya ba, domin a cewarta babu gamsasshiyar hujjar da ta nuna irin wannan ruwa yana cutar da mai shansa. Hasali ma kalsiyam da magniziyam abubuwa ne da jiki ke buƙata. Ana auna ta ne da miligiram a cikin lita ɗaya. Abin da ya gaza 60 ruwa ne mai sauƙi, daga 60 zuwa 120 matsakaici, daga 120 zuwa 180 mai farar ƙasa, abin da ya haura 180 kuwa ta yi yawa ƙwarai. Ma'aunin ingancin ruwan sha na Nijeriya, wanda hukumar SON ta fitar a 2007 aka sabunta shi a 2015, ya tsayar da 150, kuma dalilinsa jin daɗin amfani ne da kare kayan aiki.

Abubuwan da ke kisa suna nan a cikin wannan ma'auni ɗin, a wasu layukan da mai talla ba ya karanto maka. An ce kada a sami ko ƙwaya ɗaya ta irin cutar da ke fitowa daga bayan gida a cikin mililita 100. Kada naitiret, wanda ke malalowa daga masai da takin zamani, ya wuce miligiram 50 a lita, domin yana hana jinin jarirai ɗaukar iska. Kada fuloraid ya wuce 1.5, dalma kuwa kada ta wuce 0.01. A shekarar 2021 annobar amai da gudawa ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka riga mu gidan gaskiya, kuma Kebbi na cikin jihohin da ta shafa. A watan Yunin wannan shekarar ne 'yan bindiga suka kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko/Wasagu, Allah Ya jiƙansu, kuma hare-hare irin wannan sun tilasta wa mutanen karkara da yawa tururuwa zuwa manyan garuruwan yankin. Duk inda jama'a suka cunkushe a ɗan wuri, masai yakan matso kusa da rijiya, wannan kuwa ba ya buƙatar dogon bincike. Ga kuma maƙwabtanmu na Zamfara, inda a 2010 gubar dalma ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sanadiyyar niƙan dutsen zinare a cikin gidaje. Gaskiya ne ƙura da ƙasar tsakar gida ne suka fi yin wannan ɓarna, amma duk yankin da ake haƙar zinare ta gargajiya, kamar yadda ake yi a sassan Kebbi ta kudu, wauta ne a auna ruwa a tsallake layin dalma. Na'urar cire farar ƙasa ba ta kashe ƙwayar cuta, ba ta taɓa naitiret ko fuloraid, kuma ba a dogara da ita a kan dalma.

Babban abin da nake tsoro shi ne kwanciyar hankalin da take sayar wa gida. Uwar da a da take tafasa wa jikokinta ruwa, yanzu ta ga ɗanta ya kawo inji daga Abuja an ce na tsarkake ruwa ne, ga sabulu yana kumfa, ga buta ta daina ɓawo, me zai sa ta ci gaba da ƙona itace? An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. Mu da muka taso da karatun Ahalari da Ishmawi mun san launi da ɗanɗano da wari ake dubawa kafin a yi tsarki da ruwa. Wannan ma'auni ne na ibada, ya kuma wadatar a muhallinsa. Amma dalma da naitiret da ƙwayar kwalara duk suna iya zama cikin ruwan da ya cika waɗannan sharuɗɗa uku cif.

Akwai kuma batun gishirin da take ƙarawa, wanda lissafinsa a fili yake. Duk miligiram 100 na farar ƙasa da ta cire, takan zuba miligiram 46 na sodiyam a gurbinsa. Idan ruwan rijiyarka yana da 300, kowace lita za ta fito da ƙarin sodiyam kimanin 138, dattijon da ke shan lita 3 a yinin bazara ya sha fiye da 400 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin biyar na miligiram 2,000 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce a rana, tun kafin a yi maganar miya da magi. Ga lafiyayyen saurayi wannan ba wani abin tashin hankali ba ne. To amma su wa muke ajiyewa a gidajen nan? Tsofaffi ne, da yawansu masu hawan jini, sai masu jego da jarirai, alhali a ƙasashen da aka saba da na'urar gargaɗi ake yi kada a dama wa jariri madarar gwangwani da ruwanta. Mu kuwa muna da namu darasin a gida: tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa haɗe da zafin wankan jego, kuma sodiyam ɗin da ke cikin kanwa shi ne wanda ake tuhuma.

Masu talla suna da nasu wasannin, zan ambaci uku in wuce. Akwai mai tsoma wasu ƙarafa a kofin ruwanka ya kunna wuta, ruwan ya koma ja ko baƙi, ya ce ka ga dattin da kake sha. Launin nan daga ƙarfen da ya tsoma yake narkowa. Akwai mai ɗan alƙalamin da ke nuna lamba. Abin da yake aunawa jimillar duk abin da ya narke ne a ruwa, ba ya bambance farar ƙasa da gishiri, shi ya sa ko bayan an ɗaura na'urar lambar ba ta sauka. Sai mai maganaɗisun da ake ɗaura wa bututu, wanda ko ƙwayar kalsiyam ɗaya ba ya fitarwa daga ruwan.

Kafin a kai ga ɗakin gwaji, akwai abin da kowace uwargida za ta iya yi. A sami kwalabe biyu, a zuba ruwan rijiyar a ɗaya, ruwan sama a ɗaya, a kankare sabulun wanka daidai wa daida a kowace, a girgiza. Idan ta ruwan sama ta cika da kumfa, ta rijiya kuwa ta yi fari-fari da gudaji kamar kindirmo ya tsinke, alamar farar ƙasa ce. A kwanar da ruwan a farar roba a buɗe. Idan ya yi ja, ƙarfe ne, kuma maganinsa a bar shi ya sha iska sannan a tace shi ta cikin yashi. Idan kuwa gishiri-gishiri yake yi a baki, to wannan na'ura ba abin da za ta ƙara masa sai wani gishirin. Wannan duk share fage ne. Awon gaskiya sai a ɗakin gwaje-gwaje, irin na jami'o'inmu ko na Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna, kuma kuɗinsa ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin na'urar.

Mu ƙaddara an auna, ruwan ba shi da wata cuta, amma farar ƙasar ta haura 200 ko 300. Har yanzu da sauran tambaya: me ake son a ceta? Gidan da ake tarar ruwa a bokiti daga famfo ɗaya a tsakar gida, ba hita, ba injin wanki, ba shi da abin da farin ɓawo zai lalata sai buta, ita kuwa ruwan lemun tsami ko na tsamiya yana wanke ta tas. Ɓawon nan ma shaida ce cewa tafasawa da kanta tana fitar da wani kaso na farar ƙasar. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin sirrin nan ba tare da sun shiga ajin kimiyya ba: 'yar kanwar da suke jefawa a tukunyar wake, da ruwan tokar da suke wanki da shi, dukkansu kwantar da kalsiyam suke yi. Garin sabulun zamani, wanda muke kira omo ko da wane kamfani ne ya yi shi, an haɗa shi ne yadda zai yi aiki a irin wannan ruwa fiye da sabulun sanda. Uwa-uba ga ruwan sama, wanda ba shi da farar ƙasa ko kaɗan. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na kwano lita ɗaya ce. Rufin da ya kai murabba'in mita 100, ko da milimita 800 kawai aka samu a shekara, wanda ƙasar Zuru takan wuce, lita 80,000 ce ke bi ta indararo tana tafiya kwata. Ba duka za a iya tarawa ba, amma tanki ɗaya mai murfi, a riƙa zubar da ruwan farko mai ƙurar kwano, ya ishi wanki da wankan gida tsawon damina har da ɗan abin da ya biyo baya.

Wanda gidansa ke da hita da shawa da injin wanki, awo kuma ya tabbatar masa da larurar, shi ne ke da dalilin saye, kuma ga shawarar da zan ba shi. Ya fara da lissafin girma, kada ya bi manyan lambobin da ke jikin kwali, domin an tsara su ne a kan gidan Amurka inda mutum ɗaya kan kashe kusan lita 300 a rana. Alal misali, gida mai mutum 6, kowa na amfani da lita 50, lita 300 ke nan a rana. Idan farar ƙasar 300 ce a lita, giram 90 za a riƙa cirewa kullum. Lita ɗaya ta ƙwayoyin roba tana ɗaukar kimanin giram 50 kafin ta ƙoshi, saboda haka 'yar ƙaramar tukunya mai lita 10 za ta kai kwana 5 kafin a wanke ta. Wannan ya isa. Wanda ya sayi ninkin haka uku don burga, ƙwayoyin za su daɗe ba a wanke su ba, ruwa ya yi ta kwanciya a ciki. Haka ma gidan da ba a buɗe shi sai da Sallah ko Kirsimeti ko lokacin bikin Uhola. Tukunyar da ta yi wata huɗu da ruwa a kwance ta zama matattarar ƙwayoyin cuta.

Sai ƙarfin turin ruwa, wanda a nan ne na'urori da yawa suke zama kayan ado. Yawancinsu suna buƙatar turi daidai da na tankin da ke bisa tsawon mita 15 zuwa 20, tankunan gidajenmu kuwa da ƙyar suke wuce mita 5 ko 6. Ko dai a ƙara ɗan injin turi, wanda shi ma wuta yake ci, ko a ɗaura na'urar a kan bututun da ya taso daga injin rijiya zuwa tanki. A wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas, na fi ganin hikimar mai kan da ake murɗawa da hannu a kan mai agogon lantarki, wadda ke wanke kanta bisa kalanda ko an yi amfani da ruwa ko ba a yi ba, agogon kuma ya rikice idan an ɗauke wuta. Dole a sa matacin yashi da laka a gabanta, idan kuma akwai ƙarfe a ruwan a fara magance shi, domin yana lulluɓe ƙwayoyin ya kashe su tun kafin su cika kimanin shekara 10 da ake sa ran za su yi. Abin da ba na sassauci a kansa shi ne a cire reshen bututu ɗaya kafin na'urar, a kai shi kicin, ya zama daga nan ake sha da girki, ana tafasawa ko ana sa maganin kulorin kamar yadda aka saba.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Waccan 'yar tukunyar mai lita 10 tana cin gishiri kilo 1 zuwa 1.5 a kowane wanki, wato kilo 6 zuwa 9 a wata, har abada. Ba kuma kowane gishiri ba: na leda gari ne, yana daskarewa a gindin tukunya, na buhu da ake ba dabbobi kuwa yashi da ƙasar da ke cikinsa suna toshe 'yar ƙofar da ke zuƙo ruwan gishirin. Mai curi-curi da aka yi domin ita a manyan birane ake samunsa. Mai saye ya tambayi kansa wa zai riƙa kawo shi Danko, wa kuma zai zo gyara idan kan ya lalace, a halin da hanyoyin yankin suke ciki. Idan mai gyaran famfo na garin ba zai iya kwance ta ya mayar ba, ba ta dace da gidan ba, komai kyanta. Sannan ina za a zubar da ruwan gishirin, lita 50 zuwa 100 a kowane wanki? Idan aka sake shi a tsakar gida zai ƙone zogale da gwanda da mangwaro, idan ya nutse kuma yana iya ɓullowa a rijiyar maƙwabci, ka haifar masa da zartsi na gaskiya. Ba ƙaramar magana ba ce; a 2008 mutanen Santa Kilarita da ke jihar Kalifoniya ta Amurka sun jefa ƙuri'ar cire irin waɗannan na'urori daga gidajensu saboda gishirin da suke zubawa a kogi.

Na san za a ce da ni, Malam, ka ce a auna, a ina za a auna? Tambayar tana kan hanya, kuma a nan ne nauyin ya koma wuyan hukuma. Ruwan da za a bincika ƙwayoyin cuta a cikinsa so ake ya isa ɗakin gwaji a cikin ƙanƙara cikin 'yan sa'o'i, kada dai ya wuce kwana ɗaya; wanda ya san nisan Danko da Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kaduna ya san wannan sharaɗi ba kowa zai iya cika shi ba. Tun 2020 gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Aikin Gona a Zuru. A ganina babu hidimar da za ta yi wa ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, wato Zuru da Danko/Wasagu da Fakai da Sakaba, wadda ta fi ta buɗe wani sashe inda talaka da ma'aikaci za su kai kwalbar ruwa su biya kuɗi kaɗan su karɓi sakamako, a rubuce da Hausar da tsohuwa za ta gane idan an karanta mata. Gwamnatin jiha kuma, ta hannun hukumar samar da ruwa da tsabtar muhalli a karkara, ta wajabta wa duk mai haƙa rijiyar burtsatse ya miƙa takardar awon ruwa tare da makullin rijiyar, a ajiye kwafi a sakatariyar ƙaramar hukuma da ke Ribah. Cikin 'yan shekaru za a wayi gari da taswirar ruwan yankin unguwa-unguwa. Ita kuma hukumar SON, tare da hukumar kare haƙƙin masu saye, su tilasta a rubuta a jikin kowace na'ura, da Hausa, abin da take cirewa da abin da ba ta cirewa, su hana amfani da kalmar tsarkakewa a kan abin da ba ya kashe ƙwayar cuta.

Kafin hukuma ta motsa, ƙungiyoyinmu na ci gaban gari suna da abin yi. A taron ƙarshen shekara, maimakon kowa ya yi ta kansa, a haɗa kuɗi a ɗauko ma'aikacin ɗakin gwaji da kayan aikinsa ya zagaya rijiyoyin gari, na gidaje da na masallatai da coci-coci da makarantu, har da waɗanda 'yan ga-ruwa ke ɗiba suna sayar wa jama'a. A yi zagayen sau biyu, ɗaya a watan Afrilu lokacin da ruwa ya ja baya sinadarai suka taru, ɗaya a watan Agusta lokacin da ruwan sama ke kwaso ƙazantar masai zuwa rijiya, sannan a manna sakamakon kowace rijiya a jikinta.